Sae Sabuwa: abin da ya kamata a duba kafin a sayi babbar tele ta tsakar gida

Da zarar an gama girbi a jihar Maradi, aka sayar da wake da gyaɗa da aya, kasuwar masu kayan lantarki takan buɗe. A ƙauyukan Sae Sabuwa da ke gundumar Gidan Rumji, haka ma a yankunan Agye da Gazawa, magidanta da matasa masu gidan kallo sukan nufi birnin Maradi don sayen tele, musamman idan gasar kokowa ta takobin ƙasa ko gasar cin kofin Afirka ta ƙarato. A nan ba a cika kallo cikin ɗaki ba. Tsakar gida ake shimfiɗa tabarma, ko ƙarƙashin rumfa, maƙwabta su shigo a zauna tare.

Kallon taro ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1964 aka fara koyar da yara ta telebijin a wasu makarantun ƙasar, daga baya kuma aka kai akwatunan kallo na jama'a cikin karkara. Abin da ya sauya yau shi ne mutum da kuɗin gumin gonarsa yake saye, kuma idan akwatin ya ƙone babu mai biyan sa. Mafi yawan masu saye girman allo suke fara tambaya, alhali abubuwan da ke kashe tele a waje guda uku ne: zafi, ƙura, da wutar da ba ta tsayawa daidai.

Ta ɗaki daban, ta waje daban

Akwai telebijin da aka ƙera don zama a waje, kamar The Terrace na kamfanin Samsung ko na SunBriteTV a Amurka. Allonsu yana da haske ƙwarai, kuma jikinsu a rufe yake. Ana gane irin su da lambar IP: lamba ta farko tana nuna kariya daga ƙura, daga 0 zuwa 6, ta biyu kuma kariya daga ruwa. IP55, misali, na nufin ƙura ba ta shiga yadda za ta yi ɓarna, kuma feshin ruwa ba ya lalata ta. Sai dai kuɗinsu ya ninka na talakawan tele sau da yawa.

Waɗanda suka cika shaguna na ɗaki ne. Masu ƙera su kan rubuta cewa su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, ga shi kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan haura 40 ko a inuwa. Duk mai shagon da ya ce hajarsa ta waje ce, a nemi ya nuna lambar IP a kwali ko a takardar da ke ciki. In babu, a ɗauke ta a matsayin ta ɗaki, a tanadar mata wurin zama.

Wurin ajiya

Rumfa mai rufin da ba ya yoyo ita ce farkon sharaɗi. Kada rana ta riƙa dukan allo kai tsaye, don tana dushe hoto tana kuma gasa kayan ciki. Allon da ya fuskanci arewa ko kudu ya fi samun sauƙi a kan wanda ya kalli gabas ko yamma. A bar tazarar aƙalla tafin hannu tsakanin bayan tele da bango don iska ta ratsa. Rufin kwano yana tara zafi, sai a sa zana ko tabarma a ƙarƙashinsa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce ke toshe ramukan shan iska. Akwatin katako mai ƙofa da ramuka a gefe, wanda kowane kafinta zai iya haɗawa, yana maganin wannan, yana kuma hana awaki da yara taɓawa. Da damina, idan hadari ya taso, a cire wayar wuta da ta parabol gaba ɗaya, domin tsawa tana bi ta cikinsu. Wanda zai iya mayar da tele ɗaki bayan kallo, shi ya fi kowa dabara.

Wuta kafin girma

Yankin Maradi da Damagaram yana samun babban kaso na wutarsa daga Najeriya, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Mutane ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan takunkumin CEDEAO, har zuwa watan Maris na 2024. Ko inda layin Nigelec ya isa, ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi suna ƙona na'urori, don haka na'urar daidaita wuta tana cikin kuɗin tele, ba ƙari ba ce. Haka ma ga mai aiki da gurup.

Ƙauyuka da dama kuwa da farantin hasken rana da batir suka dogara. A nan lissafi ne ke yanke hukunci. A bayan kowace tele akwai takardar da ke nuna wat nawa take ci. A ce mai inci 43 tana cin wat 70, dekoda kuma wat 15. Jimla wat 85, a awa 5 na kallo ya zama 425. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kusan 1,200, amma irin na dalma rabi kawai ake so a sha in ana son ya daɗe, wato 600. Ke nan zai riƙe wannan tele dare ɗaya, har da ƙwan fitila. Mai inci 55 ko 65 tana iya cin ninkin haka, ta mutu ana tsakiyar wasa, batir kuma ya gaji cikin ƴan watanni. Akwai ƙananan tele masu aiki da volt 12 kai tsaye, waɗanda ba sa buƙatar na'urar juya wuta, kuma sun fi tattali.

Girma da sauti

Ana auna allo daga kusurwa zuwa kusurwa. Inci 32, wanda masu shago ke cewa pus 32, santimita 81 ne, inci 43 kusan 109, inci 55 kusan 140. Ga iyali mai zama mita biyu zuwa uku daga allo, 43 ta wadatar. Gidan kallo mai benci biyar ko shida yana buƙatar 55 zuwa sama, a ɗaga ta yadda na baya zai hango. Tambarin 4K kada ya ruɗi kowa: yawancin tashoshin da ake kamawa ba sa aiko da hoto mai wannan kyau, kuma daga nesa ido ba ya bambancewa. Abin da ya fi ɓacewa a fili shi ne murya, saboda babu bangon da zai dawo da ita. Ƙaramar lasifika ta daban takan fi ƙarin inci goma amfani.

A gaban mai shago

Kaya da yawa suna shigowa ta Ɗan Isa daga kasuwannin Katsina da Kano, sababbi da na hannu, kuma akan samu masu ɗauke da sunan babban kamfani alhali ba nasa ba ne. A sa a kunna ta a shago, a duba allon da farin hoto da baƙi don gano ɗigo ko layi. A gwada lambar da ke kwali da wadda ke bayan tele. A karɓi faktir mai kwanan wata da tsawon garanti, a kuma tambayi ko akwai mai gyaran irin ta a Maradi.

Mai kuɗin tele ɗaya ya fi dacewa ya raba su kashi biyu: ya sayi matsakaiciya da batirinsa zai iya ɗauka, sauran ya sa a rumfa, akwati da na'urar kare wuta. Wannan ita ce za ta kai shi girbin baɗi tana aiki.