Saƙon Jijiya da Saƙon Tasha

Mai aika wasiƙa daga Maijirgi zuwa Maradi ba kullum yake samun motar da za ta zarce ba. Direba ya kan kai ta Tasawa, ya miƙa wa ɗan kamasho, shi kuma ya tsallaka filin tasha ya damƙa wa direban Maradi. Ɗaliban harhaɗa magunguna, haka jijiyoyin saƙo suke aiki a jikinmu.

Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, laka kuma ita ke haɗa ta da gaɓoɓi. A cikin kowace jijiya saƙo yana gudu ne kamar lantarki, a wasu har mita 120 cikin daƙiƙa ɗaya. Amma idan ya kai ƙarshenta sai ya tarar da ɗan gibi, domin yawancin jijiyoyi ba sa manne da juna. Nan ne tasha. Jijiyar farko ta saki wani sinadari, ya tsallaka, ya zauna a mazauninsa a jikin ta gaba ko a jikin tsoka. Otto Loewi ne ya tabbatar da haka a 1921 da zuciyar kwaɗo, sinadarin da ya gano kuwa shi ne asetilkolin.

Ɗan kamasho idan ya isar da saƙo sai ya kauce. A jiki ma akwai sinadarin da ke rushe asetilkolin nan take, sunansa asetilkolinestaras. To, ku dubi manomin da ya fesa wa wakensa maganin ƙwari irin su piya-piya, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Gubar tana kama mai rushewar ne ta ɗaure shi. Sai asetilkolin ya taru a tasha, yana ta isar da saƙo ɗaya ba tsayawa. Yawu ya dalalo, gumi ya keto, ƙwayar ido ta tsuke, zuciya ta rage bugu, majina ta cika ƙirji har numfashi ya gagara.

Wanda ya fahimci wannan ba sai ya haddace maganin ba. Atirofin yana tare mazaunin saƙo a zuciya da huhu da wuraren fitar yawu da gumi. Firalidoksim yana kwance wanda aka ɗaure, muddin an ba da shi da wuri. Magungunan farfaɗiya, na barci, da tiramol da ke lalata mana samari, duk kan saƙon jijiya suke aiki: wani ya ƙarfafa shi, wani ya rage, wani ya toshe masa hanya.

Don haka duk maganin da kuka karanta, ku tambayi kanku: wane saƙo yake taɓawa, kuma a ina? Gobe za a kawo muku manomi a amalanke yana kumfar baki. Ku tambayi ƴan uwansa abin da ya fesa, ku duba idonsa, a cire masa tufafi a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti ba tare da an ɗura masa komai ba.