Me Ya Haɗa Yaran Arewa da Teku?

'Yan'uwa, yawancin yaran da ke makarantunmu ba su taɓa ganin teku ba, kuma da yawansu za su tsufa ba su gan shi ba. To don me za a cika musu manhaja da darasin teku, alhali karatu da lissafi ma da kyar suke shiga? Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta tana cikin gonar gyaɗa da masara.

Ruwan damina da muke jira kowace shekara, mafi yawansa daga Tekun Atlantika yake tasowa. Rana tana dumama tekun, tururi ya tashi, iska daga kudu maso yamma ta ɗauko shi ta kawo mana. Shi ya sa damina take fara sauka a Legas da Fatakwal kafin ta iso Kaduna, sannan Kano da Sakkwato. Masana sun nuna cewa canjin ɗumin ruwan teku yana cikin abubuwan da suka jawo farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980. Dattawanmu ba su manta da yunwar lokacin ba. Yaron da ya gane wannan ya gane cewa abin da ya faru a teku yana iya taɓa rumbun mahaifinsa.

Hanyar kuma biyu ce, zuwa da komawa. Kogin Kaduna yana tasowa daga tsaunukan Filato ya faɗa cikin Neja. Gongola yana haɗuwa da Binuwai a Numan. Neja da Binuwai su gamu a Lakwaja, su gangara har teku. Saboda haka ledar ruwan sha da aka jefa a kwata a Kafanchan ko Yola tana da hanyar da za ta bi. Ba ta ruɓewa, sai dai ta farfashe ƙanana ƙanana, kifi ya haɗiye. Daskararren kifin da iyayenmu mata suke saya a kasuwa, irin su titus, daga teku yake. Ruwan Kano da Haɗeja kuwa ba ya isa teku, yana bin kogin Yobe zuwa wajen Tafkin Chadi, kuma wannan bambancin kansa darasi ne mai daɗi a kan taswira.

Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na fuskar duniya. Ƙananan tsirrai da ke yawo a cikinsa, waɗanda ido ba ya gani, suna samar da wajen rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya. Yana kuma shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da muke fitarwa daga ƙona mai da gawayi, abin da ke sa ruwansa ƙara tsami, yana cutar da halittu masu ɓawo.

Wannan ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 2021 zuwa 2030 domin ilimin kimiyyar teku. A 2022 hukumar UNESCO ta roƙi ƙasashe su sa darasin teku cikin manhajar makarantu. Nijeriya, mai gaɓar teku kimanin kilomita 850, ta kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023. A ganina, kafa ma'aikata a Abuja ba ya kai darasi cikin aji; malami ne yake kai shi.

Ikilisiyoyinmu suna da makarantun firamare da sakandare masu yawa, kuma ba sai mun jira sabon littafi ba. Malami ya dafa ruwan gishiri a tukunya, ya tare tururin da murfi mai sanyi, ya ba yara su ɗanɗana ɗigon: babu gishiri. Nan take sun ga yadda teku mai gishiri yake ba mu ruwan sama mai daɗi. Bayan ruwan farko kuma, ya fita da su bakin rafin garin, su ƙirga leda da robobin da ruwa ya tara, su tambayi masunta ko kifin da suke kamawa yanzu ya kai na shekarun baya. Ranar 8 ga Yuni ita ce Ranar Teku ta Duniya, tana kuma faɗowa daidai lokacin da rafukanmu suka fara kawo ruwa.