Me ya sa ciwon mafitsara ke dawowa bayan an sha magani?

A kantunan magani na bakin titin Sakkwato a Samaru, da na kewayen kasuwar Sabon Gari, ba baƙon abu ba ne a ji mai saye ya ce a ba shi "maganin sanyi". Sunan ya tattara cututtuka daban-daban, kuma daga cikinsu akwai ciwon mafitsara, wanda galibi bakteriyar E. coli ke haddasawa. Mazauninta na asali hanji ne. Idan ta samu hanyar fitsari ta haura, sai ta tarar da wuri mai wahalar zama: fitsari na kwarara yana wanke ta, abinci ya yi ƙaranci, sojojin jini kuma na farautarta. Mata sun fi kamuwa saboda hanyar fitsarinsu gajeriya ce.

Dabararta ita ce ba ta fito da makamanta gaba ɗaya. Tana kunna wasu ƙwayoyin gadonta, tana kashe wasu, gwargwadon inda ta tsinci kanta. A jikinta akwai wasu siraran gasu masu ɗauke da furotin FimH, wanda ke kama sukarin da ke lulluɓe bangon mafitsara. Abin da ke sarrafa fitowarsu wani ɗan guntun DNA ne mai suna fimS, wanda ake iya cirewa a juya shi a mayar, kamar makunnin wuta. Fuska ɗaya gasu su fito, ɗaya fuskar su ɓace. Saboda haka a cikin garke guda ana samun masu maƙalewa da masu yawo, kuma wadda ta maƙale takan rage ƙera wutsiyar da take iyo da ita. Wasu nau'o'in da ke kai wa ƙoda suna da gasu na daban da suka dace da can.

Haka lamarin yake da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke ɓoye wa ƙwayoyin cuta. Furotin Fur yana danne ƙwayoyin gadon nemansa muddin akwai wadata. Da zarar ya yi ƙaranci sai ya saki, bakteriyar ta fara fitar da sinadaran da ke ƙwato mata shi.

Abin da ya fi shafar mara lafiya shi ne ɓuya. A 2003, masu bincike a ɗakin gwajin Scott Hultgren da ke Jami'ar Washington a St. Louis, Amurka, sun nuna a jikin ɓeraye cewa E. coli na kutsawa cikin tantanin bangon mafitsara ta hayayyafa a dunƙule. Wasu kuma kan lafa a ciki, su daina girma. Magunguna da yawa sun fi tasiri a kan ƙwayar da ke girma, don haka zafin fitsari na iya gushewa alhali akwai saura. Sannan magani irin ciprofloxacin, idan bai kai ƙarfin kisa ba, yana tayar da tsarin gyaran DNA na gaggawa a cikin bakteriyar, wanda ke ƙara yawan sauye-sauyen da kan haifar da bijire wa magani.

A nan kimiyya ta haɗu da sha'anin mulki. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, E. coli ce kan gaba, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Najeriya ta fitar da shirin yaƙi da matsalar a 2017, ta sabunta shi a 2024. A ƙa'ida, ba a sayar da irin waɗannan magunguna sai da takardar likita, kuma Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ce ke da alhakin sa ido a kan kantuna.

Sai dai takarda kaɗai ba ta wadatar ba. Samaru na da Jami'ar Ahmadu Bello, asibitin koyarwarta na Shika kuma ba shi da nisa, amma gwajin da ke gano ƙwayar da maganin da zai kashe ta yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, ga kuɗin gwaji da na mota. Ɗaliba ko 'yar kasuwar da ke fama da zafin fitsari a daren yau ta fi kusa da kanti, inda za a yanko mata ƙwaya huɗu daidai kuɗin hannunta.