Wa ya fi iya tsaro? Yadda za ki auna 'yan ƙwallon kwando da idonki

Idan kina da yaro ko yarinya da suka kai sakandare, da wuya a ce ba ki taɓa jin gardamar 'yan wasa a tsakar gidanki ba. A da ƙwallon ƙafa ce kaɗai, yanzu kuwa ƙwallon kwando ta shigo ta cikin waya, har a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ɗan gajeren bidiyo ne na daƙiƙa goma, wani ya fizge ƙwallo ya ruga ya zura a kwando, sai yara su ce ai duniya babu kamarsa. Wanda ke bugawa a makaranta kuma, in ya dawo gida, tambayar farko da ake yi masa ita ce maki nawa ya ci. In ya ce biyu, sai 'yan uwansa su fashe da dariya.

Alhali rabin wasan nan tsaro ne. Duk lokacin da ƙwallo ta bar hannun ƙungiya, aikinta ya koma hana abokan karawa ci. Mai yiwuwa yaron da ya ci maki biyu shi aka ɗora wa aiki mafi wahala a fili, kuma ya yi shi. In ba a san yadda ake auna wannan aikin ba, sai a karya masa gwiwa a banza.

Su wane ne ake kira gad?

Kowace ƙungiya tana sa mutum biyar a fili. Biyu daga cikinsu ana kiransu gad, kuma galibi su ne mafi gajarta da sauri. Na farko shi ke ɗauko ƙwallo daga baya ya rarraba ta, na biyu kuma an fi dogara da shi wajen jifa daga nesa. Idan ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, su biyun nan ne ke fara tarbar mai ɗauke da ita.

Dokar wasan tana taimaka musu da agogo. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da daƙiƙa 8 ta tsallake tsakiyar fili, da daƙiƙa 24 ta yi jifa. Saboda haka duk daƙiƙar da mai tsaro ya cinye wa abokin karawarsa riba ce. Amma dokar ta ɗaure masa hannu. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa a wasannin ƙasa da ƙasa, shida a gasar NBA ta Amurka, kuma tun 2004 gasar ta tsananta hana ɗora hannu a jikin mai tafe da ƙwallo. Ƙafa da ƙirji da lissafi su ne suka rage masa.

Mai kallon dambe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Ɗan dambe yana da hannun da aka naɗe, wato mashi, da hannun da yake miƙawa gaba, wato garkuwa. Kirari da kiɗa duk na mashi ne, amma wanda garkuwarsa ta yi sako-sako ba ya daɗewa a tsaye.

Lissafin ƙwace yana ruɗin mutum

Abu na farko da yara ke kawowa a gardama shi ne yawan ƙwallon da ɗan wasa ya ƙwace. Lamba ce mai sauƙin gani, amma ba ta faɗin labari duka. Ki tuna yaran da ake turawa korar tsuntsaye a gonakin shinkafa na Bakalori. Ba a auna ƙoƙarinsu da yawan tsuntsun da suka harbo da danƙo. Ana auna shi da shinkafar da ta rage ranar girbi. Yaron da ya bar bakin gona ya bi tsuntsu ɗaya cikin daji ya buɗe wa dubu hanya.

Haka abin yake a fili. Mai yawan kai hannu don ƙwace yakan bar mutuminsa. In ya dace, jama'a su yi ihu. In bai dace ba, an wuce shi, 'yan uwansa huɗu su ji da mutum biyar, kuma babu littafin da ke rubuta wannan asarar da sunansa.

Allen Iverson misali ne sananne. Shekara uku a jere, daga 2001 zuwa 2003, babu wanda ya kai shi matsakaicin ƙwace a kowane wasa a NBA. Amma a lokacinsa masu horarwa ne ke zaɓen gwanayen tsaro na shekara, kuma ko sau ɗaya ba su sa shi a jerin ba.

Ba wai ƙwace ba shi da daraja ba ne. A kakar wasan da ta ƙare a 2025, Dyson Daniels na Atlanta Hawks ya ƙwace ƙwallo 229, kimanin uku a kowane wasa, kuma ya shiga jerin gwanayen tsaro biyar na farko. A wannan jerin dai akwai Luguentz Dort na Oklahoma City Thunder, wanda ƙwacensa bai wuce kusan ɗaya a wasa ba. Daniels mai dogon hannu ne, yana karanta inda za a miƙa ƙwallo tun kafin a miƙa. Dort kuwa mai ƙiran ƙarfi ne, ana manna shi da tauraron abokan karawa ya hana shi sakat tun daga farko har ƙarshe. Mai kallon lamba kaɗai zai ce Daniels ya ninka Dort sau uku, masana kuma sun jera su a sahu ɗaya.

Abubuwan da masana ke kallo

Na farko, wa aka ba shi ya tsare? Koci ba ya ɗora mafi haɗarin 'yan wasan abokan karawa a kan ragon mai tsaro. Wanda ba shi da ƙarfi ana ɓoye shi a kan wanda ba ya yawan jifa. Idan aka ci maki 20 a kan mai gadin tauraro, aka ci 8 a kan mai gadin ɗan rakiya, ba lallai na biyun ne ya fi ba.

Na biyu, ana wuce shi da sauƙi? A nan ki ɗauke ido daga ƙwallo ki kalli ƙafafunsa. Gwani yana durƙusar da gwiwa, yana zamewa gefe ba tare da ya harɗe ƙafa ba, ƙirjinsa kullum yana tsakanin mutuminsa da kwando.

Na uku, yaya yake yi da shinge? Dabarar da aka fi amfani da ita a wasan yau ita ce wani ƙato ya zo ya tsaya ƙyam a hanyar mai tsaro don mai ƙwallo ya samu sarari. Wani yakan maƙale a jikin ƙaton, wani kuma ya matse ya bi ta gefensa ya sake bayyana a gaban mutuminsa. Wannan ba ya shiga bidiyon daƙiƙa goma, amma yana faruwa sau da yawa a kowane wasa.

Na huɗu, me abokin karawarsa ya saba ci, me kuma ya ci a kansa? A wasan ƙarshe na NBA na 1996, Michael Jordan ya zo yana cin fiye da maki 30 a wasa a wannan kakar. A wasanni uku na ƙarshe aka ɗora masa Gary Payton na Seattle, wanda ake yi wa laƙabi da safar hannu saboda yadda yake manne wa mutum. Jordan ya ci 23, da 26, da 22, kuma a wasan na shida jifa 5 kacal ya shigar cikin 19. Chicago ce ta ɗauki kofin, amma har yau ana kafa misali da aikin Payton.

Na biyar, yaya ƙungiya take idan yana ciki, yaya take idan ya fita? Masu lissafi suna duba makin da aka ci ƙungiya a cikin hari ɗari yana fili, su gwada da lokacin da yake zaune. Tun 2013 aka kafa kyamarori a duk filayen NBA masu bin motsin kowane ɗan wasa. Duk da haka wannan lissafin ma yana da rauni, domin gad ɗin da ke da dogon mai tare jifa a bayansa yakan ci albarkacinsa. Shi ya sa ƙwararru ke haɗa lamba da kallon wasa gaba ɗayansa.

Wahalar auna gad ta fito fili a tarihin kyautar gwarzon mai tsaro ta NBA. An fara ba da ita a 1983, kuma gad ne ya fara lashewa, Sidney Moncrief, har sau biyu a jere. Amma bayan Payton ya karɓa a 1996, sai da aka yi shekara 26 kafin wani gad, Marcus Smart, ya samu a 2022. Dogo yana kaɗe ƙwallo kowa ya gani. Gad kuwa mafi kyawun aikinsa shi ne jifar da ya hana a yi tun farko.

Abin da 'yan matanmu suka nuna a Faransa

Idan kina son ki ga tsaron gad da idonki, ki nemi wasan da D'Tigress, ƙungiyar matan Nijeriya, ta buga da Ostireliya ranar 29 ga Yuli, 2024, a gasar Olamfik. Ostireliya na cikin manyan ƙasashen duniya a wasan, kuma ita ta tafi da tagulla a gasar. Amma Ezinne Kalu da Promise Amukamara da sauran 'yan uwansu sun riƙa tarbar mai ƙwallo tun daga nesa, suna toshe hanyoyin miƙawa, har Ostireliya ta zubar da ƙwallo sau 26. Aka tashi 75 da 62. Ranar 4 ga Agusta suka doke Kanada 79 da 70, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na Olamfik. Kociyarsu, Rena Wakama, ita aka zaɓa gwarzuwar masu horarwa a ɓangaren mata.

Ga uwar da 'yarta ke sha'awar wasan, akwai wani abin sani. Tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta amince a buga wasa da ɗankwali ko hijabin da ya dace da ƙa'idarta. Cikin waɗanda suka yi fafutukar haka akwai Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma 'yar Amurka, ita ma gad ce.

Wasan ba baƙo ba ne a arewa

A 1978, lokacin Zamfara na cikin Jihar Sakkwato, an yi bikin wasannin makarantun horar da malamai a birnin Sakkwato. A nan wani ɗalibi ɗan Legas mai shekara 15, wanda ya saba da ƙwallon hannu da tsaron raga a ƙwallon ƙafa, ya shiga gasar ƙwallon kwando. Shi ne Hakeem Olajuwon, wanda ya zama gwarzon mai tsaro na NBA a 1993 da 1994. Shi dogo ne na tsakiya, ba gad ba, amma ya sha danganta iya ƙafarsa da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro.

A Zariya, Koci Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin waɗanda suka taso a hannunsa akwai Masai Ujiri. Ujiri bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. Da aikin zaƙulo 'yan wasa ya fara, wato auna abin da ido na gaggawa ba ya gani, har ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ɗauki kofin NBA a 2019. A Kano kuma, Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta lashe gasar Nijeriya sau da dama.

Waɗanda ke kaiwa matakin ƙwararru 'yan kaɗan ne ƙwarai, don haka karatu ne gaba. Amma ki sani shi kansa Dort, a 2019 babu ƙungiyar da ta ɗauke shi ranar zaɓen sababbin 'yan wasa. Tsaro ne ya buɗe masa ƙofa, har ya ɗaga kofi a 2025.

Tambayoyin da za ki yi wa ɗanki

Idan ya dawo daga wasa, kafin maganar maki, ki tambaye shi wa aka ba shi ya tsare. In ya ce wanda ya fi kowa iyawa a ɗaya ɓangaren, to koci ya yarda da shi, kuma wannan abin yabo ne. Ki tambaye shi sau nawa aka wuce shi, laifi nawa ya yi, kuma ko yana cikin fili a mintunan ƙarshe lokacin da wasa ya yi zafi. Koci ba ya barin wanda ba ya tsaro a ciki a irin wannan lokacin.

Idan gardama ta kaure a kan wayarki, ki ce su nemo kashi ɗaya cikakke na wasa, minti goma ko sha biyu, su zaɓi gad ɗaya su bi shi da ido shi kaɗai. Su ƙirga sau nawa ya tsaya a gaban mutuminsa, sau nawa ya maƙale a shinge, sau nawa ya ruga ya koma gida bayan ƙwallo ta kuɓuce. Za su fi ƙaruwa da wannan a kan bidiyon tsalle ɗari.

Ki kuma kula da jikinsa. Tsaro aikin idon sawu da gwiwa ne, a kan siminti kuma. Takalmi mai riƙe ƙafa ya fi takalmi mai suna, ruwan sha wajibi ne musamman a bazara, kuma targaɗen da aka koma wasa da shi bai warke ba yakan dawo.

Yaron da ya yarda ya yi aikin da ba a tafa masa ya koyi haƙuri da riƙon amana, kuma yana bukatar ya ji daga bakin mahaifiyarsa cewa an ga abin da ya yi. Uwargida, ko akwai mai buga ƙwallon kwando a gidanki? Ki faɗa mana a ƙasa wane matsayi yake bugawa, da amsar da ya ba ki da kika tambaye shi wanda ya tsare. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.