Jinin Mutum, Rariyar Ƙwayar Maleriya

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, Galtimari da Fori da Gwange na cikin unguwannin Maiduguri da ruwa ya mamaye. Ruwan ya janye ya bar kududdufai, kuma duk inda kududdufi ya kwana biyu, sauro ya samu gida. Yaro na kwanciya jiki zafi rau, a kai shi kemis, sai ka ji an ce maleriya ce, kamar abu guda ne ke bin gida-gida. Alhali ƙwayar da ke jikin wannan yaro da ta jikin ɗan maƙwabta sunansu ɗaya, Plasmodium falciparum, amma sau da yawa zuri'arsu daban. Kuma mu mutane da take rayuwa a jikinmu muna da hannu dumu-dumu wajen tsara wace zuri'a za ta yaɗu, wace za ta ƙare.

A jikin mutum ƙwayar ba ta aure. Daga hanta ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, tana ta tsagewa tana kwafin kanta. Aurenta sai a cikin tumbin macen sauro, inda namiji da tamatar ƙwayar ke haɗuwa bayan sauron ya sha jini. To amma wa zai auri wa? Mutumin da aka ciza shi ya riga ya yanke wannan. In zuri'a ɗaya ce kawai a jininsa, ita za ta auri kanta, 'ya'yan su fito sak uwarsu. In kuwa sauraye da yawa sun sha cizonsa, kowanne ya zuba masa tasa, to sauron da ya zo daga baya zai kwashi zuri'a biyu ko uku, su cakuɗu, a samu sabon iri. Shi ya sa a Nijeriya, wadda ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriyar duniya, ƙwayar ke da iri barkatai. A garin Thiès na Senegal kuwa, da aka matsa wa cutar da gidan sauro da magani har cizo ya ragu, masu bincike sun riƙa samun iri ɗaya tak a jikin mutane daban-daban, har yana tsallake rani ya sake ɓullowa wata daminar.

Tafiyar mutane ma tana cikin lissafin. Sauro ba ya nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi, mutum ne ke shiga mota. Dubban da rikici ya koro daga Bama da Gwoza zuwa Maiduguri a 2014, da fataken da ke kai-komo tsakanin Borno da Chadi da Kamaru, duk wanda ke da ƙwayar a jininsa ya taho da ita, sauron Maiduguri ya ɗaura mata aure da 'yar gari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne batun sikila. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu jinin AS sun fi jure wa maleriya, kuma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, ya ƙara wa maganar ƙarfi. Kariyar ba ƙarama ba ce, ta kai kusan kashi 90 cikin 100 daga maleriya mai tsanani. Dalili ke nan da wannan gado ya yawaita har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yake AS, duk da azabar da 'ya'yan SS ke sha. An daɗe ana ba da labarin ta ɓangare ɗaya, wato yadda cuta ta sauya jinin mutum.

A Disamban 2021 mujallar Nature ta wallafa ɗaya ɓangaren. An duba jinin yara fiye da 3,000 masu maleriya mai tsanani a Gambiya da Kenya, aka karanta gadon yaran da na ƙwayar a tare. Sai aka ga 'yan tsirarun masu jinin sikila da cutar ta kayar, galibinsu ƙwaya ce mai wasu sauye-sauye a wurare uku na gadonta ta kama su. Aka sa wa wuraren suna Pfsa1 da Pfsa2 da Pfsa3. Waɗannan sauye-sauye sun yawaita a Afirka, inda sikila ta fi yawa, da wuya a same su a wajenta. Jinin AS ya zama rariya: yana tare yawancin ƙwayoyin, mai dabarar ratsawa ta wuce, sauro ya ɗauke ta ya kai gaba. Wannan ba hujja ba ce ta yin sakaci da gwajin jini kafin aure, kuma mai AS da ke kwana ba gidan sauro don ya ji an ce yana da kariya, ya san akwai irin da kariyar ba ta cika tarewa ba.

Akwai kuma wata 'yar'uwar Plasmodium falciparum, wato Plasmodium vivax, da ta addabi Indiya da Kudancin Amurka. Ƙofar da take bi ta shiga jan ƙwayar jini ana kiranta Duffy, kuma kusan duk mutanen Afirka ta Yamma ba su da ita, shi ya sa aka daɗe ba a jin ɗuriyarta a nan. Amma a 2010 an same ta a Madagaska a jikin mutanen da ba su da ƙofar, daga baya aka samu irin haka a Habasha da Mali da Kamaru.