Me Ya Sa Ƙofa Ke Cijewa Da Damina?

A cikin wani watan Agusta na kai ziyara gidan wani ɗan'uwana a Jahun, na tarar da shi yana kokawa da ƙofar da ta raba falo da ɗakin kwana. Irin ƙofar nan ce ta katako da ake turawa gefe, tana zamewa a cikin ɗan kwari. Ya ce da rani yatsa ɗaya ke buɗe ta, yanzu kuwa sai an sa kafaɗa. Har ya aika a kira kafinta ya fere ta. Na ce ya dakata, domin ciwon ƙofar na ɗan lokaci ne, fira kuwa ba ta gyaruwa.

Amsar tana cikin ilimin halittu. A 1665 wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya duba ɓawon wata bishiya da madubi mai ƙara girman abu, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Su ne muke kira ƙwayoyin halitta. Katako tarin irin waɗannan ƙwayoyi ne, matattu, dogaye kamar bututu, waɗanda a da suke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye. Bangonsu akasari na selulos ne, sinadarin da ke cikin auduga, mai tsananin son ruwa. Bishiya ta mutu, amma ƙishirwar bangon nan tana nan. Idan iska ta yi laima sai ya sha, ya kumbura; idan ta bushe sai ya saki ruwan, ya tsuke.

A ƙasar Dutse da Jahun bambancin yana da yawa. A tsakiyar damina laimar iska kan kai kusan kashi 80 cikin ɗari, lokacin hunturu kuwa takan faɗi zuwa kashi 20 ko ƙasa da haka. Katakon da ya daɗe a yanayi na farko yakan riƙe ruwa kimanin kashi 16 cikin ɗari na nauyinsa, a na biyu kuwa bai fi kashi 5 ba. Sa'an nan kumburin ba daidai yake ta kowane ɓangare ba. Da ƙyar katako ke ƙara tsawo, amma yana ƙara faɗi da kauri. Ƙofar falankai mai faɗin santimita 80, wadda ba ta da fenti, tana iya ƙaruwa da santimita 1 ko fiye. Idan kuma gefe ɗaya ya fi shan laima, sai ta lanƙwashe ta riƙa gogar bango.

To, mene ne magani? Da farko a share kwarin da ƙofar ke bi da tsohon buroshi, domin ƙurar hunturu na taruwa a ciki, ta haɗu da laima ta zama laka. In ƙofar mai tayoyi ce, a duba ko gashi ko zare ya naɗe su, a kuma ɗaure kusoshin da suka saki. Bayan haka a goga alli a cikin kwarin, a tura ƙofar sau biyu ko uku. Inda allin ya manne a jikinta, nan take cijewa. A goge wurin kaɗai da samfefa, sa'an nan a murza kyandir. Kada a zuba mai, don shi ke kama ƙura. Babban gyara kuwa sai rani: idan katakon ya bushe, a shafe shi da fenti ta kowane gefe, har ƙasa da sama inda ido ba ya gani, domin ta nan laima ta fi shiga.

Wanda ya fere ƙofarsa da yawa a Agusta, zai ga giɓi a Janairu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta giɓin nan ƙura da sauro da kunama za su bi.

Malamai na iya gwada wannan a aji. A auna faɗi da nauyin guntun busasshen falanki, a rufe shi a bokiti tare da jiƙaƙƙen tsumma ba tare da sun taɓa juna ba, a sake aunawa bayan mako biyu. Ɗalibai su kwatanta canjin faɗi da na tsawo, su faɗi dalili.

Ƙofar ɗan'uwana kuwa, samfefa da rabin kyandir suka ishe ta.