Amsar Wasiƙunku: Sunan Jami'a Ko Mai Biyan Kuɗi?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji, manomi kuma mai fataucin hatsi. Ya ce ɗansa ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yanzu ga takardu biyu a hannu na karatun digiri na biyu a ƙasar waje. Ta farko daga wata jami'a mai suna a Ingila, amma rangwame kawai suka yi masa. Ta biyu daga wata jami'a a Turkiyya wadda ba a ji sunanta a ƙauye ba, amma gwamnatin can ta ɗauki nauyin komai. Yaro ya nace sai Ingila. Alhaji yana tambaya, ko ya sayar da gonar fadama ya biya?

To Alhaji, Allah ya saka da alheri, amsa ita ce kada ka sayar. Ga dalili.

Mu fara da lissafi, tunda kai ɗan kasuwa ne. Digiri na biyu a Ingila galibi shekara ɗaya ne, kuɗin makaranta kuwa ga baƙo yakan kama daga fam 15,000 zuwa 30,000, manyan jami'o'i ma sun fi haka. Ba a sa haya ba, ba a sa abinci da kuɗin jirgi da na biza ba. Akwai kuma kuɗin asibiti da aka mayar fam 776 a shekara tun 2024. A ƙarshen 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000, wato fam 20,000 ya tashi sama da naira miliyan 40. Ka duba buhun masara nawa ke nan.

Abin da ya fi wannan haɗari, kuɗin da fam ake biya, amfanin gonarka kuwa da naira ake saye. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Iyayen da suka yi lissafi daidai suka wayi gari kuɗinsu bai kai rabi ba. A 2024 ɗin ne wasu ɗaliban Nijeriya a jami'ar Teesside suka kasa cika kuɗi, har aka ba su takardar barin ƙasa. Ka ga an yi ba wan ba ƙanen, ba digiri, ba gona.

Kada kuma kalmar "tallafi" ta ruɗe ka. Rangwame daban, ɗaukar nauyi daban. Idan an rage maka kashi ɗaya cikin biyar, sauran huɗun suna wuyanka. Ka sa a karanta maka takardar da Hausa, ka ji amsar abu huɗu: wa zai biya makaranta, wa zai biya masauki da abinci, wa zai biya jirgi, kuma har zuwa yaushe.

Shin suna ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, amma mataki-mataki ne. Mataki na farko, wanda babu sassauci a kansa, shi ne a tabbata hukuma ta san da jami'ar, a can ƙasarta da kuma nan gida. A watan Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Saboda haka kafin a biya ko kwabo, a tambayi ma'aikatar a Abuja. Mataki na biyu shi ne ƙarfin sashen da yaro zai karanta. Wanda zai karanci noma, jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta fi masa jami'o'i da yawa da sunansu ya cika rediyo. Bayan waɗannan biyu ne ake maganar suna. In kuwa jami'ar Turkiyyar ta haye su, ita ce riba.

Idan yaro ya ce shi dai Ingila, akwai hanyar da ba ta bi ta gonarka. Gwamnatin Ingila tana da tallafin Chevening tun 1983, yana biyan makaranta da jirgi da kuɗin zama, da sharaɗin mutum ya yi aiki na shekara 2 kafin nema, kuma ya dawo gida ya zauna shekara 2 bayan ya gama. Akwai na Commonwealth. Akwai na hukumar PTDF ga masu fannin man fetur da makamashi. Jamus kuma yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai dai a nuna kuɗin zama na shekara, yuro 11,904 a ƙa'idar da aka sa a 2024. Tallafin Chevening da na Commonwealth kyauta ake cika takardar nemansu. Duk ɗan kamashon da ya ce ka kawo kuɗi zai samo maka, ka riƙe aljihunka.

Shawarata ga dukan iyaye, ku zauna da yaran ku yi lissafin a rubuce, a gaban wani malami da ya taɓa karatu a waje. Jinkirin shekara ɗaya ana aiki ana neman tallafi bai kai ciwon rasa gonar da ke ciyar da gida ba, ga kuma ƙanne na tafe da nasu karatun. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.